Kifin Baffa Reino

Har yanzu idan na kama sitiyari sai tafin hannuna ya jiƙe. Gwaggo Marlys ta ce in daina ba mutane labarin kamar wadda ta dawo daga bakin daga, wai kek kawai muka kai wa tsoho. To, ita dai a baya ta zauna. Ni na yi tuƙin.

Marlys Koskela yayar babana ce. Su uku ne a ɗakinsu: Baffa Reino babba, sai ita, sai babana auta. Ƙuruciyarta da girmanta duk a kicin ɗin makarantar firamare ta garinmu ta yi su, nan arewacin Minnesota a Amurka, tana dafa wa yara abincin rana har ta yi ritaya. Gajeruwa ce, mai damatsa irin na wadda ta daɗe tana murza kwaɓin fulawa, da tabarau rataye a wuya wanda ba ta sa shi sai za ta yi aikin da ke son ido. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, kuma ba su haihu ba. Amma da wuya ka sami gida a garin nan da ba a taɓa hure kyandir a kan kek ɗinta ba.

Ba ta yin kek zagayayye, ba ta yin mai kusurwa huɗu. Ta ce wannan aikin kanti ne. Ita sai ta dubi mutum tukuna, ta ga abin da ya dame shi a duniya, sannan ta gasa masa shi. Manomi ya sami tarakta. Wata tsohuwa ta sami karenta da ya mutu, ko da yake kowa ya ce ya fi kama da tunkiya. Shekarar da Fasto ya cika sittin ta yi masa ginin cocinmu, hasumiyar ta fito a karkace. Da aka yi mata magana sai ta ce a fita a duba ta gaskiyar. Aka fita aka duba. A karkace take. Ni kuwa da na gama jami'a bara, kunkuru ta yi mini, sanye da hular kammala karatu, ya leƙo da kansa kaɗan daga cikin ƙoƙo. Ban tambaye ta dalili ba.

Sai dai abin da take alfahari da shi ba gashin ba ne, kaiwar ce. Tunda take, kek ɗinta bai taɓa isa inda za shi a karye ba. Ita take kai abinta da kanta, a tsohuwar motarta shuɗiya, tana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Idan ka ga jerin motoci a bayan shuɗiyar motar nan, babu mai danna hon, ka san yau ranar haihuwar wani ce.

Motar ma tana da tata ɗabi'ar. Kujerar gaba ta kusa da direba, Gwaggo ba ta ɗaukar mutum a kai. Kujerar tukunya take ce mata. Kamar sauran matan garin, ba ta zuwa coci ko gidan rasuwa ko gidan mai jego ba tare da kwanon abinci mai zafi ba, sai ta ɗora shi a kujerar nan, ta kunna hitar da ke cikin kujerar don kada ya huce a hanya. Da sanyi ya shigo take danna maɓallin, ba ta kuma sake tunawa da shi sai ƙanƙara ta narke.

Shi kuwa Baffa Reino, abin da ya dame shi a duniya kifi ne guda ɗaya.

Duk lokacin sanyi, da zarar tafkin garinmu ya daskare, zai ja bukkarsa ta katako zuwa tsakiya, ya yanke ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta, rami mai faɗi kamar ƙofar firji, ya rufe ƙofa ya zauna cikin duhu da mashi a hannu yana kallon ruwa. Wata rana tun kafin a haife ni, in ji shi, wani dogon kifi irin mai bakin agwagwar nan ya zo ya tsaya a ƙarƙashin ramin, ya ɗago ido ɗaya ya dube shi. Ya jefa mashi, mashin ya karce bayansa kawai, kifi ya yi tafiyarsa. Babu wanda ya gani. Duk shekara kifin ƙara tsawo yake yi a labarin. Amininsa Orval, wanda suka zauna benci ɗaya tun ajin farko, bai taɓa barin labarin ya kai ƙarshe ba.

"Kututture ne, Reino. Kututture ka soka, shi ma ka kuskure."

Bana aka yi wa Baffa aikin zuciya. 'Yarsa da ke birnin Duluth ta kafe sai ya koma wurinta, likita ya goyi bayanta, shi ma ya gaji da musu ya yarda. An riga an sami mai karɓar bukkar. Ranar haihuwarsa a watan Fabrairu take faɗowa, kuma tunda nake ban taɓa ganin an yi bikinta a kan tudu ba. A kan tafki ake yi. Wannan ita ce ta ƙarshe.

Ranar Kirsimeti, ana cikin cin abinci, sai Gwaggo ta ce, "Yaya, wai yaya ma girman kifin nan yake? Na manta."

Duk muka dube ta. Ba a taɓa roƙon Baffa wannan labarin ba. Ya ajiye cokali, ya miƙe, ya buɗe hannuwa. Ita kuwa ta zagaya bayansa kamar za ta ɗauko gishiri, ta ja zaren saƙa daga yatsun hannu ɗaya zuwa na ɗayan, ta gutsure da haƙori ta sa a aljihu.

A lokacin ina gida ba aiki. Na aika takardun neman aiki ko'ina, kullum ina ɗaki ina duba waya, ƙirjina na bugawa ba dalili. Ana saura 'yan kwanaki bikin ta shigo ba sallama, ta yaye labulen taga.

"Ke Linnea, tashi. Ina neman mai hannu biyu wadda ba ta da abin yi, an ce ke ce."

A kicin ɗinta ta faɗa mini abin da take nufi. "Kafin tsohon nan ya bar tafki, sai ya rungumi kifinsa da hannu biyu, a gaban Orval. Cikakke, daga baki har wutsiya. In ya so ya tafi Duluth ɗin ya zauna gaban talabijin."

Muka gasa kek dogo-dogo kamar burodi, muka jera su a kan wani dogon tiren ƙarfe da ta fito da shi daga makaranta ranar ritayarta. Ta miƙa zaren nan a gefe, aka ƙara guda ɗaya don tsawon ya kai. Ta soke su duka da sabuwar sandar tsintsiya, wai ƙashin baya. Sannan muka fitar da shi zaure, inda ya fi firiza sanyi, ya kwana ya zama dutse. Washegari ta sassaƙa shi da wuƙar yankan burodi, tana ja da baya tana karkata kai, guntayen na zubowa ina tsincewa ina ci.

Launi ne ya ba mu wahala. Ta kwaɓa bota da sukari, ta ɗiga kore, ya fito kamar ciyawar filin ƙwallo. Ta ƙara ruwan ƙasa, ya koma kamar kakin soja. Daga ƙarshe ta buɗe firiza ta ciro kifi na gaske, ƙarami, ta kwantar da shi kusa da namu tana gwadawa.

"Gwaggo, zai sa wa kek ɗin ƙarni."

"Ke dai riƙe kwano. Digirinki bai kai nan ba."

Ɗige-ɗigen jikinsa da yankakken almon muka yi, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya sage. Haƙoran ma almon ne, an fere su da tsini. Fikafikan siraran biskit ne. Da aka zo kan ido sai ta sa tabarau. Alawa rawaya, da ɗigon cakulan a tsakiya. Na ce mata idon hagu ya kalli sama da yawa.

"Reino yake kallo," in ji ta.

Abu na ƙarshe, ta tsoma tsinke a jar alawar 'ya'yan itace da ake shafa wa burodi, ta ja siririn layi a gadon bayansa. Tabon mashi. Sannan ta shafa kwaɓin bota mai kauri a ƙarƙashin cikinsa, muka danna shi a kan tiren, muka mayar zaure. Da safe ko ka kifa tiren ba zai motsa ba. Ta gwada, ni na rufe ido.

Ranar bikin gari ya waye tas, rana na haske amma ba ɗumi, irin sanyin da ke manne wa mutum gashin hanci. Babana ya riga ya tafi da Baffa tun da hantsi. Gwaggo ta ce ba za ta iya tuƙi tana riƙon kifi ba, kuma ba za ta ba kowa riƙonsa ba, saboda haka ni ce direba. Na ce mata ban taɓa tuƙi a kan tafki ba. Ta ce ita ma kafin ta taɓa ba ta taɓa ba.

Tiren bai shiga baya a gicciye ba. Muka kwantar da kujerar tukunya, muka shimfiɗa shi a kai, kan kifi na kallon gilashin gaba, wutsiyar na cinyar Gwaggo a kujerar baya. Ita da ta yi tunanin sandar tsintsiya, ta yi tunanin tawul ɗin da za a cusa a gefe, ba ta tuna da maɓallin hitar kujerar nan ba. Ni ma ban tuna ba. A garin nan babu mai ganin 'yar jar fitilar da ke nuna hita na kunne, kamar yadda ba ka ganin hancinka.

A bakin tafki, inda kwalta ta ƙare hanyar ƙanƙara ta fara, na tsaya na yi abin da kowa ke yi. Na kwance bel, na sauke gilasai duka huɗu. An haife ni cikin wannan al'adar, na hau tafkin nan sau ba adadi a bayan motar babana ina cin biskit. Amma ranar ne na fara tunanin dalilin da ya sa ake sauke gilashin: don a sami hanyar fita in mota ta nutse.

Sanyi ya cika motar. Na saki birki, muka gangara.

Ba mu yi nisa ba tafki ya yi wata ƙara daga can ƙasa, doguwa, kamar an buga ƙatuwar ganga a cikin rijiya. Na ji ta a kujera, na ji ta a haƙorana.

"Gwaggo!"

"Gyaran murya yake yi. Sanyi ne ke ƙara masa kauri. Ranar da kika ji ya yi tsit, ranar za ki kira ni."

"In ya fashe fa?"

"In ya fashe, ki fara miƙo mini kan kifin ta taga, sannan ki fito."

Na so in yi dariya, abin da ya fito bai yi kama da dariya ba. Ta ce kada in yi sauri, kada kuma in tsaya, kada in taka birki kamar mai kashe kyankyaso. Can gaba akwai tsaga a ƙanƙarar, an ɗora faffaɗan ƙarfe a kai kamar gada, baƙin ruwa na leƙowa ta gefe. Na hau da tayoyin gaba ina karanta duk addu'ar da na iya. Motar ta yi tsalle kaɗan. Na ji Gwaggo ta ja numfashi, karon farko.

"Lafiya yake?"

"Ko gezau. Kalli hanya."

Bayan gadar na ce mata, "Gwaggo, ina jin ƙanshin bota."

Ta miƙa yatsa ta ƙwanƙwasa bayan kifin. Ya yi ƙara kamar katako, iskar taga ta ƙara daskarar da shi. "Tsoro ne ke sa ki yunwa," in ji ta.

Bukkar Baffa ja ce, tana can ƙarshen jerin bukkoki. An kewaye ta da motocin a-kori-kura, an hura gawayi ana gasa nama, mutane na riƙe da kofunan kofi suna buga ƙafa a ƙasa. An buɗe ƙofar bukkar, Baffa na zaune a ciki kan kifaffen bokiti a bakin ramin, don an hana shi tsayuwa cikin iska. Na kashe mota na zauna ina kallon hannuwana. Mun iso.

Orval ne ya fara leƙowa ta taga. Ya ga haƙora, ya ja da baya.

"Marlys, me kika kashe?"

"Matsa, Orval. Kada numfashinka ya taɓa shi."

"Kawo in kama muku."

"Kai da ka yar da jaririn roba a wasan Kirsimeti? Koma can inda za ka gani da kyau. Kai aka yi wa."

Muka zaro tiren, ni a wajen kai, ita a wajen wutsiya. Da kaurin safar hannu ba mu ji komai ba. Mutane suka dare, aka fara tafi, wani ya fara waƙar ranar haihuwa da wuri, aka bi shi. Ina tafiya da baya-baya, ina kallon idon nan na alawa. Ƙofar bukkar gajeruwa ce, ni kuwa doguwa, sai na rage tsawo don kada in buga ƙeya. Wajena ya yi ƙasa. Wajen Gwaggo ya yi sama.

Kifin ya tafi.

Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Samansa dutse, cikinsa kuwa kujerar tukunya ta narkar da botar da ta manne shi tun daga gida. Ya sulale ta ƙarƙashin hammatata a hankali, cikin natsuwa, kamar mai rai. Ya faɗi a dandamalin bukkar bai karye ba, ya ci gaba da zamewa a kan daɓen da takalma suka jiƙa, baki buɗe, ya nufi ramin kai tsaye.

Waƙa ta tsinke. Na ji wata ƙara, ashe ni ce.

Baffa Reino, mutumin da aka tsaga wa ƙirji, wanda aka hana ɗaukar ko da buhun dankali, ya zubo daga kan bokiti bisa gwiwoyinsa. Kan kifin ya riga ya shiga ruwa. Ya faɗa masa da ƙirji, ya zagaye shi da hannu biyu, ya ja da baya har ya zauna daɓas. Abin da na gani a wannan ɗan lokacin shi ne bai bar ni ba har yau: bayan tsoho a sunkuye bisa baƙin ruwa. Na ɗauka shi ke nan, mun kashe shi da kek.

Babana ya yi tsalle ya riƙe masa kwalar riga.

Sai Baffa ya ɗago. Kore a gemu, kore a hanci, kifi a rungume daga kafaɗa zuwa gwiwa, ruwa na ɗiga daga haƙoran almon. Kafaɗunsa na girgiza. Sai da na matsa na gane dariya yake yi.

"Orval!" Muryarsa ta cika bukkar. "Orval, ɗan banza, zo nan! Kututture ne wannan?"

Orval ya sunkuyo ta ƙofa, ya cire hula, ya dubi kifin tun daga baki har wutsiya.

"Ba kututture ba ne," in ji shi. "Na ga lokacin da ka kama shi. Da hannu kuma."

Ihu ya tashi a waje har daga wasu bukkokin aka fito. Ni na zauna daɓas a kan ƙanƙara. Gwaggo kuwa ta ture kowa ta shiga, ta sa tabarau, ta bi kifin da kallo. Fiffike ɗaya ya ɓalle yana yawo a kan ruwa. Sauran duka yana nan. Ta cire safar hannu ta taɓa tiren, ta ji narkakkiyar bota da sauran ɗumi.

"Kujerar tukunya," ta ce a hankali.

"Yau dai kek ɗinki ya faɗi, Marlys," in ji Orval.

"Bai faɗi ba. Ƙarasawa ya yi da kansa. Ka ga karaya a jikinsa?"

Baffa bai saki kifin ba. Yana kallonsa, sai idonsa ya kai kan jan layin nan na gadon baya. Dariyar ta tsaya. Ya bi layin da babban yatsa, ya ɗago ya dubi ƙanwarsa. Ta kau da kai tana goge tabarau da gefen riga.

"Ya ɗan rame," in ji shi daga ƙarshe. "Wancan ya fi wannan da kamar taƙi guda."

"Yaya, da zare na auna ka!"

"Ai ranar ɗinkin ƙirjina na ja. Ban buɗe hannu sosai ba."

Wuƙa ta ƙi shiga. Sai da aka jingina shi kusa da murhu, aka huda wuraren kyandir da ƙusa. Baffa ya hure su a zaune, kifi a cinya. Aka yanka, kowa ya ci a tsaye da safar hannu. Kan da ya sha ruwan tafki Gwaggo ta ɗora a faranti ta miƙa wa Orval, ya cinye har da ido. Ni ko taɓa nawa ban yi ba. Baffa ya kira ni, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, a kan rigar da ta ɓaci da kore.

"Ji nan, 'yata. Lafiya lau yake bugawa. Naki ne ke gudu."

Ni na tuƙo mu gida, gilasai a sauke, tire ba komai a kai. Tafki ya sake gyaran murya sau biyu. Gwaggo ta miƙo hannu daga baya ta kashe maɓallin, a tsakiyar Fabrairu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Baffa ya koma Duluth. 'Yarsa ta ce ya hana a wanke rigar.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci ana shan kofi a ɗakin ƙasa, na hangi Orval ya tara wasu baƙi. Yana ba su labarin kifin da amininsa ya kama da hannu, a gaban idonsa, ya buɗe hannuwa har ya kusa make wata mata. Gwaggo Marlys na wucewa da kwanon abinci. Ta ajiye shi, ta kama wuyan hannayensa biyu ta matso da su ciki.

"Nan ya tsaya," in ji ta. "Ni na yi shi."

Tana juya baya ya ƙara buɗewa.